FENTIN BABUR YA ƁAMƁARE? TOSHE WURIN KAFIN TSATSA TA SHIGA

'Yan'uwa manoma, babur ya zama jakinmu na yau. Shi ke kai mu gona, shi ke ɗauko taki daga siton ƙungiya, shi ke kai mara lafiya asibiti da tsakar dare. Amma in tsakuwa ta ɓamɓare fentin tanki, ko igiyar ɗaurin kaya ta goge shi, da yawa cikinmu su kan ce ai ado ne kawai ya ragu. Ku sani fenti shi ne rigar ƙarfe. Duk inda rigar ta yage, ruwa da iska za su tarar da ƙarfe tsirara, tsatsa ta kama, ta riƙa rarrafe ta ƙarƙashin fentin da ya rage.

Babur ɗin manomi ya fi na ɗan birni shiga wannan hatsari. Takin zamani, ko Yuriya ko NPK, ya kan jawo laima daga iska, kuma ya na hanzarta tsatsa ƙwarai. Ruwan batir da man burki su ma su na cin fenti. Tankin da ya huje kuwa zai riƙa ɗigar da fetur bisa inji mai zafi. Rigakafi ya fi magani.

SAMUN LAUNI DAIDAI

Nan ne mutane su kan yi kuskure. Rana ta kan koɗar da fenti, musamman ja. Saboda haka jan babur mai shekara 3 ba ɗaya ya ke da jan sabo ba, ko da kamfaninsu ɗaya.

1. Wanke babur da sabulu, ka goge kewayen wurin sosai. Sai ƙura da maiƙo sun fita za ka ga ainihin launin.

2. Duba ƙarƙashin kujera ko jikin firam. Wasu kamfanoni, kamar Honda, su kan manna 'yar takarda mai lambar launi. In akwai, rubuta ta ka kai wa mai haɗa fenti.

3. In babu lamba, kai masa babur ɗin kansa. Kada ka tsaya a kan cewa "ja" ko "shuɗi", domin ja iri-iri ne.

4. Ya shafa kaɗan a kan guntun gwangwani, ku jira ya bushe sarai, gama ɗanyen fenti da busasshe ba launinsu ɗaya ba. Kara gwangwanin a jikin tanki a hasken rana, ba a ƙarƙashin fitila ba.

5. Gwada ɗigo ɗaya a ɓoyayyen wuri. Fenti mai saurin bushewa, wanda a ke sirkawa da tina, ya kan yamutsa fentin mai in an shafa shi a kai. In tsohon ya tattare, a sake iri.

KAYAN AIKI

Samfefa lamba 400 da lamba 1200, jan fentin hana tsatsa, fentin launi, tina kaɗan, tsumma mai tsabta, da ƙaramin buroshi. In ɓamɓarewar ba ta wuce ƙwayar dawa ba, tsinken ashana ya fi buroshi.

YADDA A KE YI

Da fari, goge tsatsa da samfefa 400 har ƙarfe ya yi fari. Kada ka faɗaɗa wurin fiye da bukata. In ka bar tsatsa ko kaɗan, fenti zai kumbura kafin damina ta ƙare.

Na biyu, goge wurin da tsumma mai ɗan tina, a kan ƙarfen kaɗai. Kada ka yi da kananzir, ya na barin maiƙo, fenti kuwa ba ya kama maiƙo.

Na uku, shafa fentin hana tsatsa siriri, ka bar shi ya kwana.

Na huɗu, ɗiga launi kaɗan-kaɗan cikin ramin. Shafi siriri sau 3, kowanne ya bushe kafin na gaba, ya fi mai kauri sau ɗaya, wanda zai zuba kamar hawaye. Ci gaba har ramin ya cika daidai da tsohon fenti.

Na biyar, yi haƙuri mako guda. Sa'an nan ka jiƙa samfefa 1200 da ruwa, ka daidaita wurin a hankali, ka goge da man goge mota. Kiyaye kada fetur ya zuba a kai wajen shan mai, domin ya na narkar da sabon fenti.

LOKACI DA GARGAƊI

Yi aikin a inuwa, ranar da iska ta kwanta. Laimar damina ta kan sa fenti ya yi fari-fari, ƙurar hunturu kuma ta kan manne masa. Kaka ce ta fi dacewa, bayan ɗaukewar ruwa.

Tina na kama wuta kamar fetur. Ka yi nesa da murhu da taba, ka yi aikin a sarari, ka ɓoye gwangwanin daga yara. Kada ka goge ko ka rufe lambar inji da ta firam, domin su ne shaidar mallakarka. Salansa kuma ta na da nata fenti mai jure zafi. Na tanki zai ƙone a kanta. In tsatsa ta riga ta huda tanki, fenti ba zai toshe ba. Kai wa gwani.

SHAWARA GA ƘUNGIYA

Ƙaramin gwangwanin fentin hana tsatsa zai ishi babura da yawa, amma a hannun mutum ɗaya bushewa zai yi. Ƙungiya ta saya a ajiye wurin ma'aji, a sa rana ɗaya bayan girbi kowa ya kawo nasa. Daga yau kuma, a shimfiɗa tsohon buhu kafin a ɗora taki, a wanke babur da zarar an sauke. Wanda ya kula da nasa zai more shi shekaru, ranar sayarwa kuma ba za a taya masa da wulakanci ba.