Shin Ko Kun San? Ƙwayar Awo Mai Sinadari 15

Shin ko kun san cewa binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya gano mata masu juna biyu 61 cikin 100 a Najeriya suna fama da ƙarancin jini? A Sakkwato abin ya fi haka muni: matan da ke shekarun haihuwa 74 cikin 100, babu jihar da ta kai ta. Jirin nan da kasalar da mai ciki ke kuka da su a unguwar Gidan Igwai, ana cewa laulayi ne, sau da yawa jinin ne ya yi ƙasa.

Ko kun san maganin ƙarin jinin da aka saba bayarwa a wajen awo sinadari 2 kawai ke cikinsa, ayan da folik asid? Sabuwar ƙwayar da ake kira MMS tana da 15, har da zink, aidin da bitamin A. UNICEF da Hukumar Lafiya ta Duniya da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ne suka tsara haɗin tun 1999, amma sai 2021 ya shiga jerin muhimman magunguna na duniya, shekarar da Najeriya ma ta sa shi cikin ƙa'idojinta. An daɗe, gaskiya.

Kuma ba gwajin ƙasashen nesa kaɗai ba ne. A maƙwabtanmu, jihar Maraɗi ta Nijar, an gwada ta a ƙauyuka, sakamakon ya fito a 2007: jariran matan da suka sha ta sun fi na masu tsohuwar ƙwaya nauyi. Wata za ta ce nauyin nan ne take tsoro ranar naƙuda. Ƙarin bai kai giram 100 ba, amfaninsa shi ne rage jariran da ake haifa ƙasa da kilo 2.5.

Folik asid yana aikinsa mafi girma ne a kwana 28 na farkon ciki, lokacin da laka da ƙwaƙwalwar ɗan tayi ke haɗuwa. Mu kuwa kunya kan sa a ɓoye ciki har wata biyar kafin a je awo.

Shayi yana hana jiki ɗaukar ayan, lemon zaƙi yana taimakawa. Bayan gida ya yi baƙi bayan shan ƙwayar? Ba komai, a ci gaba da sha.

Kwalba ɗaya ƙwaya 180 ce, ɗaya kullum, wata shida ke nan. Maigida, izinin zuwa awo da kuɗin keke Napep a hannunka suke. Ka bar ta ta je da wuri, ta tambayi ma'aikaciyar jinya ko ƙwayar ta iso.