Tsofaffin jiragen ruwa: Tsufa ke kisa ko rashin kulawa?

Ranar 26 ga Mayun 2021, wani jirgin katako da ya taso daga jihar Neja zuwa Warrah a ƙaramar hukumar Ngaski ta jihar Kebbi ya tsage a tsakiyar Kogin Kwara. Mutum fiye da 100 ne suka mutu ko suka ɓace. Jami'an hukumar kula da sufurin ruwa ta NIWA sun ɗora laifin a kan tsufan jirgin da kuma lodin da ya wuce kima.

Wata shida bayan haka, wani ya kife a Bagwai ta jihar Kano ɗauke da ɗaliban Islamiyya masu zuwa Maulidi.

Sai dai tsufa kaɗai ba ya nutsar da jirgi. A Afrilun 2023, Kirsten Neuschäfer 'yar Afirka ta Kudu ta lashe gasar Golden Globe bayan ta zagaye duniya ita kaɗai cikin sama da wata bakwai. Jirgin da ta yi tafiyar da shi na hannu ne, ta saye shi a Kanada, kuma ya haura shekara 30. Irinsa na da dogon ƙashin baya mai nauyi a ƙarƙashi, wanda ke hana shi kifewa idan igiyar ruwa ta buge shi. Duk da haka, sai da ta shafe watanni tana gyara kafin ta shiga teku. A Turai ma, mai sayen tsohon jirgi yakan kira ƙwararre ya duba shi, kuma kamfanonin inshora sukan nemi rahoton.

Jiragen kogunanmu kuwa gindinsu shimfiɗaɗɗe ne don su iya bin ruwa marar zurfi, shi ya sa lodi kaɗan ya karkata sai su juye. Galibi ana cinikin na hannu ne tsakanin mai shi da mai saye, hankali na kan inji, ba kan katakon da ya fara ruɓewa ba.

Don haka ɗan ci-rani da ke shirin aiko kuɗi a saya wa ƙani jirgin haya, ya sa a fito da shi tudu, kafinta ya ƙwanƙwasa kowane katako. Ya kuma ware kuɗin rigunan kariya tun kafin a ɗauki fasinjan farko.