Tsohuwar Bindiga A Ƙasar Da Ba Sauran Daji

Bara, bayan girbi, wani dattijo a ƙauyenmu da ke ƙasar Dambatta ya kira ni in duba masa bindigar da ya gada, domin wani mafarauci ya taya. Ba harba-ka-ruga ba ce. Irin mai sakata ce, wadda ake ja da hannu kafin kowane harbi.

Da na tabbatar babu harsashi, na zare sakatar, na leƙa bututun a hasken rana. Zanen da ke murɗe a ciki ya shafe, tsatsa ta yi masa zanzana. Lambar sakatar ta saɓa da ta jikin bindigar, wato an yi mata aure, abin da kan sa kwanson harsashi ya fashe a fuskar mai harbi. Ƙotar ma ta tsage.

Sai dai ba lalacewarta ce ta tayar mini da hankali ba. Lee-Enfield ce mai harsashin .303, irin wadda sojojinmu suka riƙe a yaƙin Bama. Dokar Bindigogi ta 1959 ta sanya ta cikin makaman soja da aka haramta, gado kuwa ba lasisi ba ne. Harsashinta kan wuce kilomita 2, alhali a wajenmu gona na jingine da gona, yara na kiwo ko'ina, abin farautar bai wuce zomo da fakara ba.

Na ce, "Baba, kada a sayar, a miƙa wa 'yan sanda." Ya yi shiru, yana shafa ƙotar.