Camfe-Camfen 'Yan Wasan Besbol Kafin Su Ɗaga Kulki

A ƙasashen Amurka da Japan akwai wani wasa mai farin jini da ake kira besbol. Mutum ɗaya ne ke jefo ƙwallo daga tazarar ƙafa 60 da inci 6, wani kuma yana tsaye da kulki yana jira ya make ta. Ƙwallon kan taho da gudun da ya haura mil 90 a sa'a, watau kafin rabin sakan ta iso. Saboda haka ko gwani na gwanaye, in ya fito bugu sau goma, kusan sau bakwai yakan koma hannu rabbana. Ga shi kuwa da wannan bugu yake cin abinci, in ya daɗe bai dace ba sai a sallame shi.

Wanda duk ya kalli wasan zai lura cewa kowane mai bugu yana da abin da ba ya fashin yi kafin ya fuskanci mai jifa. Wade Boggs, wanda ya fara wasa a Boston a 1982, naman kaza yake ci kafin kowane wasa, kana in ya zo bugu sai ya zana kalmar Ibrananci mai ma'anar "rai" a ƙasa. Ya yi ritaya a 1999 da bugu mai amfani 3,010. Mike Hargrove kuwa, wanda ya yi wasa daga 1974 zuwa 1985, bayan kowace jifa sai ya ja da baya, ya gyara hula da safar hannu da wando, har aka yi masa laƙabi da mai tsai da wasa kamar ruwan sama. Shi ko Ichiro Suzuki, mutumin Japan, yakan miƙe kulkinsa wajen mai jifa, sa'an nan ya ɗan ja rigarsa a kafaɗa. A 2004 ya yi bugu mai amfani 262, abin da ba a taɓa yi ba a kaka guda.

To, ruwa ba ya tsami banza. Wani masanin al'adu, George Gmelch, wanda shi kansa tsohon ɗan wasa ne, ya yi rubutu a kan wannan a 1971. Ya kwatanta su da masuntan tsibiran Trobriand da Malinowski ya zauna da su: in za su yi su a ruwan da ke kusa da gaɓa ba sa neman tsari, amma in za su shiga tsakiyar teku sai tsafe-tsafe su tashi. Haka nan a besbol, masu cafe ƙwallo da wuya su kuskure, don haka camfinsu kaɗan ne. Masu bugu da masu jifa, waɗanda aikinsu ya rataya ga sa'a, su ne sarakan camfi. Lalle kaza ba ta buga ƙwallo, amma abin da mutum ya saba yi yakan kwantar masa da hankali a lokacin da dubban idanu ke kansa.

Sai dai 'yan kallo sun gaji da jira. A 2023 hukumar babbar gasar Amurka ta kafa agogo a fili, ta ba mai jifa sakan 15 in babu ɗan wasa a kan sansani. Mai bugu kuma dole ya shirya tun saura sakan 8, in ba haka ba a lissafa masa kuskure ɗaya daga cikin uku da ke fitar da shi. Matsakaicin tsawon wasa ya sauko daga awa 3 da minti 4 a 2022 zuwa awa 2 da minti 40 a 2023. Irin jan ƙafar Hargrove ta zama tarihi ke nan. Amma har yanzu sau bakwai cikin goma gwani kan sha kaye, don haka masu bugu ba su bar camfi ba, sun dai koyi gama shi cikin sakan bakwai.