Tsohuwar Land Rover: Yadda Kanikawa Ke Tayar Da Ita Daga Barci

A garuruwan arewacin Kano, irin su Ɗambatta da Bichi da Kunci da Makoɗa, ba wuya mu ga wata tsohuwar mota mai ƙirar akwati a jingine bayan gida, tayoyi sun sace, kaji sun mayar da ita akurki. Yawancinmu wucewa muke yi. Bakanike kuwa in ya gan ta, sai ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta, domin a can ne ake sanin ko za ta tashi.

Motar ita ce Land Rover. An fara ƙera ta a Solihull ta ƙasar Ingila a 1948, jim kaɗan bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A lokacin ƙarfe ya yi ƙaranci, sai aka yi bodinta da alminiyam, wato dangin sanholon da ake tukwane da shi. Samfurin Series II ya fito a 1958, Series III kuma a 1971, aka ci gaba da yin sa har 1985. Kakanninmu sun san ta da malaman gona da masu allurar rigakafi da ma'aikatan En'e, domin ita ce ke shiga inda kwalta ba ta kai ba.

Har yau akwai irin waɗannan wurare. Yankinmu gona ce ke bin gona, hanyoyin da ke tsakaninsu kuma burtali ne mai yashi. Da rani taya ta nutse, da damina rafi ya yanke hanya. Manomin da ya yi buhu ashirin na gero ko gyaɗa yana son su isa Dawanau, mai tumatir a bakin madatsar ruwan Tomas ko Watari ba ya iya jiran kwana biyu. Balle a ce naƙuda ta kama mace da tsakar dare a watan Agusta.

To, daga ina gyara ke farawa? Bodi yana yaudara. Alminiyam ba ya yin jar tsatsa, saboda haka mota za ta yi shekara arba'in tana da kyan gani alhali shasin da ke ɗauke da ita, wanda ƙarfe ne, ya ruɓe. Ƙwararre yakan bi shasin da guduma yana ƙwanƙwasawa. Inda ya ji ƙara tangaran, lafiya. Inda ya ji luɓus, sai an yanke an yi waldar sabon ƙarfe. Masu darasin kimiyyar sinadarai su lura da wani abu nan: duk inda alminiyam ya haɗu da ƙarfe kuma danshi ya shiga, alminiyam ɗin ne ke cinyewa, ya koma farin gari. Shi ya sa ake sa fenti ko roba a tsakaninsu kafin a ɗaure noti. Waldarsa ma sai wanda ya iya, domin yana narkewa a zafin digiri 660, ƙarfe kuwa sai ya haura 1,400.

Injin ba ya ba da wahala sosai. Mai silinda huɗu ne, lita biyu da kwata, akwai na fetur akwai na gas. Babu kwamfuta a cikinsa. Da sifana da sukundireba ana kwance shi, a canza ringi, a wanke kafireta, a sa sababbin fulogi. Abin da ba a samu a gari ba, a nufi Ƙofar Ruwa a birnin Kano, inda kayan tsofaffin motoci ke jibge.

Abin da ya fi burge mu shi ne sanduna biyu ƙanana da ke kusa da giya, ɗaya mai jan kai, ɗaya mai rawaya. A kan kwalta tayoyin baya kaɗai ke tura motar. In aka danna mai rawayan, farfelar gaba ta kama, tayoyi huɗu su ja tare. In aka ja mai jan baya, gudu ya ragu fiye da rabi, ƙarfin ja kuma ya ninka fiye da sau biyu. Lissafin da ke cikin giyar keke ne: ka sayar da gudu, ka sayi ƙarfi. Amma ba a barin ta a tayoyi huɗu a kan kwalta, domin a kwana tayoyin gaba sun fi na baya yin tafiya, kuma in babu yashin da zai bari su ɗan zame, haƙoran giya ne za su biya.

Sai maganar sauye-sauye, inda ra'ayi ke rabuwa. Wasu kan cire injin asali su dasa na gas ɗan Japan don sauƙin mai. Wasu su yanke bayan motar su yi mata keji na ɗaukar buhuna, su ƙara ganyen sifirin. Canza tsohon dinamo da na'urar caji ta zamani, ko sa babban lagireto saboda zafin Afrilu, duk wannan dabara ce mai kyau. Inda muke da ja shi ne a ƙara wa mota ƙarfi da kaya a bar burkinta yadda yake. Burkin waɗannan motoci na ganga ne, an auna shi da nauyi da gudun wancan zamani. Kayan da aka tula a sama kuma suna ɗaga tsakiyar nauyinta, ta zama mai saurin kifewa a kwana, ga shi ranar kasuwa mutane ne ke zaune a kan buhunan. Wanda ya canza inji kuma kada ya manta lambar injin tana cikin takardun mota, sai an je an gyara.

Ga ɗalibin da hannunsa ke ƙaiƙayi, hutun ƙarshen zango ya isa a fara. Da izinin iyaye, a nemi garejin da ke kusa. Aikin farko da za a ba ka shi ne wanke noti da kananzir da miƙo sifana mai lamba kaza, kuma ka tafi da littafi, domin duk abin da aka kwance sai an mayar da shi a jeren da ya fito.