Ferila: ganyen da Asiya ke ci da shan magani, amma yake kashe shanu a Amurka

A gidajen cin abinci na Koriya ta Kudu, idan aka kawo gasasshen nama akan haɗo shi da faranti cike da wani ɗanyen ganye mai faɗi, wanda gefensa yake kamar haƙoran zarto. Mai ci zai ɗora tsoka a kai, ya sa tafarnuwa da ɗan yaji, ya naɗe ya kai baki. A ƙasar Sin kuwa, busasshen ganyen wannan tsiro ya shafe ɗaruruwan shekaru a cikin kayan masu maganin gargajiya. Amma a jihohin kudu maso gabashin Amurka, likitocin dabbobi suna jan kunnen makiyaya a kansa, domin yana kashe shanu.

Tsiron shi ne ferila, wanda masana ilimin tsirrai ke kira Perilla frutescens. Da Faransanci ana ce masa pérille, wasu kuma su ce basilic japonais ko sésame sauvage. Yanzu da ake tallar mansa da ƙwayoyinsa a intanet, ga kuma ƴan kasuwarmu da ɗalibanmu suna kai da komo zuwa birane irin su Guangzhou, ya kamata a san yadda tsiro guda ya zama abinci, ya zama magani, ya kuma zama guba.

Ɗan uwan ɗaɗɗoya ne, ba riɗi ba

Abu na farko da ke rikita mutane shi ne suna. Mutanen Koriya suna kiran ƙwayarsa deulkkae, wato riɗin jeji, ganyen kuma kkaennip, wato ganyen riɗi. Bahaushen da ya ji haka sai hankalinsa ya tafi ga karkashi. Alhali babu dangantaka tsakaninsu. Ferila ɗan gidan na'a-na'a da ɗaɗɗoya ne, kuma alamar tana jikinsa: karansa yana da kusurwa huɗu, ganyayensa suna fitowa biyu-biyu suna fuskantar juna, idan aka murza su kuma ƙamshi ya tashi.

Shukar shekara guda ce, tsayinta yakan kai mita ɗaya ko ya ɗan wuce. Asalinta gabashin Asiya ne da gindin duwatsun Himalaya. Manoma sun daɗe da raba ta gida biyu. Akwai mai manyan ganyaye kore da ƙwaya mai taushi, wadda ake matsa don mai. Ita ce ta Koriya, ita kuma Japanawa ke kira egoma. Akwai kuma mai ƙananan ganyaye masu ɗan tattarewa, kore ko ja mai duhu, wadda Japanawa ke kira shiso, Sinawa su ce zisu.

Yadda ake cin sa

A Koriya, baya ga naɗe nama, ana jera ganyen a jiƙa shi cikin miyar waken soya da yaji da tafarnuwa, a ajiye ana ci da shinkafa. Ana niƙa ƙwayar a zuba a miya don ta yi kauri, man kuma a gauraya shi da dafaffen ganye. Yankunan Miryang da Geumsan sun yi suna wajen noman ganyen.

A Japan, koren shiso ne ake shimfiɗawa ƙarƙashin ɗanyen kifi. Jan kuma shi ke rina umeboshi, wani ɗan itace mai tsami da ake tsumawa cikin gishiri. Idan launin ganyen ya haɗu da tsamin, sai ya koma ja jawur. Sinadarin da ke ba da wannan launi danginsu ɗaya da wanda ke sa zoɓo ya yi ja.

A Biyetnam ana kiransa tía tô, ana yanka shi cikin kunun shinkafa mai zafi a bai wa mai mura. A Nefal da tsaunukan arewacin Indiya kuwa, ƙwayar ake soyawa a daka da gishiri da barkono, a yi wani abin dangwale da ita.

Abin da masu maganin gargajiya suka ce

Likitancin gargajiya na Sin bai ɗauki tsiron a matsayin magani guda ba. Ya raba shi uku, kowane ɓangare da aikinsa. Ganye na murar da ke zuwa da jin sanyi ne, da tashin zuciya, da kumburin ciki, da ciwon cikin da ke biyo bayan cin kifi ko ƙaguwa. Kara na cushewar ƙirji da ciki ne, kuma akan bai wa masu laulayi. Ƙwaya kuwa ta tari mai majina ce, da sarƙewar numfashi, da taurin bayan gida.

Akwai hikayar da ake dangantawa da Hua Tuo, shahararren likitan Sin na ƙarni na biyu, cewa ya ceci wasu samari da suka yi gasar cin ƙaguwa har cikinsu ya murɗe, ta hanyar dafa musu wannan jan ganye. Hikaya ce, amma ta dace da sunan: zi na nufin launin shunayya, su kuma farfaɗowa. Abin da ke rubuce shi ne, tsiron yana cikin babban kundin magunguna na Li Shizhen mai suna Bencao Gangmu, wanda aka buga a 1596, yana kuma cikin Dongui Bogam na likitan Koriya Heo Jun, da ya fito a 1613.

Har yau ganyen da karan da ƙwayar suna cikin kundin magunguna na hukuma a ƙasar Sin, kowanne da ma'auninsa. Na busasshen ganye giram 5 zuwa 10 ne. Malaman fannin kuma suna koyar da cewa ba a daɗe ana tafasa shi, domin ƙarfinsa yana cikin man ƙamshi ne da ke bin tururi ya tafi. Wato su kansu masu al'adar ba su taɓa cewa a sha yadda aka ga dama ba.

Abin da bincike ya tabbatar

Inda babu gardama shi ne mai. Kashi 35 zuwa 45 cikin 100 na nauyin ƙwayar mai ne, kuma fiye da rabin wannan man wani nau'in kitse ne na omega-3 da ake kira ALA, wanda jiki ke buƙata amma ba ya iya haɗa shi da kansa. Man gyaɗa da man riɗi ɗan kaɗan ƙwarai suke da shi. Sai dai ALA ba shi ne omega-3 da ake samu a kifi ba. Sai jiki ya sarrafa shi tukuna, kuma kaɗan ne daga ciki yake iya juyawa.

Wannan kitse kuma shi ne raunin man. Da ya sha iska da haske da zafi sai ya lalace, ya yi ɗaci da wari. Shi ya sa a Koriya ake sa shi a kwalba mai duhu a ajiye a firji. A da can wannan hali nasa na bushewa idan ya sha iska ya sa aka riƙa shafa shi a takardar lema da takardar daɓen ɗaki don hana ruwa shiga, aka kuma kunna fitilu da shi a Japan. Kwalbar da ta yi watanni a kan teburin kasuwa cikin zafin bazara, da wuya ta kai ga mai saye da sauran amfaninta.

Ganyen kuwa yana ɗauke da sinadaran da suka nuna alamar rage kumburi da ƙaiƙayi, amma yawancin gwaje-gwajen a ɗakin bincike aka yi su, ko a kan ɓeraye. Wani gwaji da aka wallafa daga Japan a 2004 ya nuna sauƙi ga masu atishawa da ƙaiƙayin ido na sauyin yanayi, sai dai mutanen da aka gwada ba su kai 30 ba. Akwai kuma wani sinadari mai suna perillyl alcohol da masu talla kan ambata idan suna maganar sankara. An gwada shan sa a kan majinyata a Amurka, bai ba da sakamakon da aka sa rai ba, ya kuma dami cikin da yawa daga cikinsu. Babu hujjar cewa ferila yana warkar da sankara, ko ciwon suga, ko hawan jini.

Me ya sa yake kashe shanu?

An kai tsiron Amurka ne a ƙarni na 19 don ado, ya tsere daga lambuna ya bazu a bakin rafuka da inuwar itatuwa. A jihohi irin su Tennessee yana cikin tsirran da suka fi kashe shanu. Dalili shi ne wani sinadari da ake kira perilla ketone, wanda ke lalata huhu har ruwa ya taru a ciki. Saniyar da ta ci da yawa takan miƙe wuya, ta buɗe baki tana neman iska, kuma kora ta ko wahalar da ita na iya ƙarasa ta. Babu wani takamaiman makari. Tumaki da dawaki ma yana kama su.

Shanu ba su cika son sa ba idan akwai ciyawa. Haɗarin yana zuwa ne lokacin da makiyaya ta ƙone, shi kuwa yana nan kore shar a inuwa, daidai sa'ad da yake fure yana ƴaƴa, lokacin da gubar ta fi yawa. Ko ya bushe cikin harawa yana iya yin illa.

A nan ne jinsi da adadi suke raba abinci da guba. Tsirrai biyu na iya yin kama a ido, amma man ƙamshinsu ya bambanta. Wanda ake nema don magani a Sin da Japan shi ne mai sinadarin perillaldehyde, har kundin magunguna na Japan ya ƙayyade mafi ƙarancin abin da ya kamata a samu a ganyen. Wanda ake ci a Koriya kuwa yana da perilla ketone, amma mutum ganye kaɗan yake ci tare da abinci, saniya mai yunwa kuma tana kwashe tsiron ne gaba ɗaya, da furensa da ƴaƴansa.

Ga mai saye da mai son shukawa

Wanda ya samu ganyen ya ci a abinci kamar yadda mutanen Asiya ke yi, babu laifi, sai dai wasu jikinsu ba ya karɓar ƙwayar, masu tsinkar ganyen kuma wasunsu kan samu ƙaiƙayin hannu. Mai juna biyu, da mai shan maganin tsinka jini, da duk wanda likita ya ɗora a kan magani, su tambayi likita kafin su soma shan man ko ƙwayoyin da aka haɗa da shi. Kada kuma kowa ya ajiye maganin asibiti saboda talla.

Mai son kawo iri ya shuka kuma, ya san cewa ferila yana fure ne idan yini ya gajarta, har manoman Koriya kan kunna fitilu da dare a rumfunan noma don hana shi fure. A ƙasashenmu, inda yini bai cika wuce awa 13 ba, zai yi saurin fure ya zubar da ƴaƴa, ƴaƴan kuma su tsiro da kansu. A gidan da ake kiwon awaki ko ragon layya, wannan ba ƙaramin abin lura ba ne. Idan har za a shuka, a sa shi a tukunya ko a kewaye shi da shinge, a riƙa tsinke furen tun bai ƙosa ba, kuma kada a zuba ragowarsa a turken dabbobi.