Ido Ba Mudu Ba: Amincin Awon Jijiyoyin Jinin Ido

Gabatarwa

Bahaushe ya ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. A wannan 'yar maƙala ina so in juya karin maganar, domin idon ne kansa za a kai wajen awo. Tambayata ita ce, idan na'ura ta auna jijiyoyin jinin da ke cikin ido ta ba da adadi, ta yaya za a san adadin abin dogaro ne?

Abin da ake aunawa

A can ƙuryar ido akwai wani siririn tantani mai karɓar haske, likitoci suna ce masa ratina. Nan ne likita yake iya ganin jijiyoyin jinin mutum ƙuru-ƙuru ba tare da ya tsaga fata ba. Hawan jini yakan tsuke jijiyoyin, ciwon suga yakan toshe ƙananan cikinsu ko ya sa su yoyo, hawan jinin ido kuma yakan zo da raguwarsu.

A 1851 wani Bajamushe, Hermann von Helmholtz, ya fito da madubin leƙa ƙuryar ido. Da shi likita yake kimantawa cewa kaurin jijiya mai kai jini kamar biyu bisa uku ne na mai mayar da shi. A 1961 aka fara ɗaukar hoton jijiyoyin bayan an yi wa mutum allurar rini. A 1991 aka ƙirƙiro na'urar OCT a Amurka, wadda wajajen 2015 wani samfurinta ya shiga asibitoci yana nuna jijiyoyi ba tare da allura ba. Da haka aka tashi daga kima aka koma lissafi.

Me ya sa ake gwaji da lafiyayyen ido?

Mu ɗauki misali da mai awon gero a kasuwar Azare. Idan ya auna buhu ya sami mudu 40, ya sake aunawa nan take ya sami 43, geron bai ƙaru ba, matsalar tana ga mudun ko ga hannunsa. Haka lafiyayyen ido yake, jijiyoyinsa ba sa lalacewa daga safe zuwa azahar. Don haka duk bambancin da aka gani tsakanin hoto na farko da na biyu, na awon ne.

A ɗauka na'ura ta ce kaurin wata jijiya 150 ne, a ma'aunin da ke raba milimita gida dubu, da aka sake ɗauka ta ce 158. Ke nan idan mai hawan jini ya dawo bayan shekara aka ga nasa ya sauka daga 150 zuwa 145, ba a da hujjar cewa ciwonsa ya ƙaru.

Abubuwan da ke girgiza awon sanannu ne: bugun zuciya da ke ɗan buɗe jijiya ya tsuke ta, ƙiftawa da motsin ido, ƙanƙantar kafar da haske ke shiga, yanar ido mai dushe hoto, da tsawon ƙwayar idon kanta. Bincike ya nuna na'ura ɗaya a hannun ƙwararre takan maimaita awonta da kyau, amma na'urorin kamfanoni daban-daban sukan saɓa wa juna a kan ido ɗaya.

Ina ruwan mutumin Katagum?

Binciken makanta na ƙasa da aka yi daga 2005 zuwa 2007 ya gano kashi 4.2 cikin 100 na 'yan Nijeriya masu shekara 40 zuwa sama makafi ne. A Arewa maso Gabas adadin ya kai kashi 6.1, fiye da kowace shiyya. Mutanen Gamawa da Shira da Jama'are sukan zo asibiti Azare, wani a tura shi asibitin ido na ECWA a Kano ko Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. Idan mudun can da na nan ba ɗaya ba ne, adadin da ke takardarsa zai iya tayar masa da hankali a banza, ko ya ɓoye ciwon da ke cin ganinsa. Ga shi kuma yawancin alƙaluman lafiyayyen ido da na'urorin ke kwatance da su daga Turai da Amurka da Asiya aka tattaro su. A ganina Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya da aka kafa a Azare a 2021 tana da aiki a nan, wato auna lafiyayyun idanun mutanenmu.

Kammalawa

Mu ɗaliban harshe namu rabon yana ga kalmomi. Ina ba da shawarar mu raba aminci da inganci. Mudun da gindinsa ya lotsa zai riƙa ba da awo iri ɗaya kullum, amma tauyayye: yana da aminci, ba shi da inganci. Duk wanda zai fassara bayanin likita a rediyo ko a ɗakin duba marasa lafiya, ya kamata ya riƙe wannan bambanci, domin da kalmar da ya zaɓa majiyyaci zai koma gida.